Sumon da Bai Kwana a Duro Ba

Akwai ranar da mutum kan tashi da safe gabansa na faɗuwa ba tare da ya san dalili ba, ya yi addu'a ya fita, ya ce aikin shaiɗan ne. Talatar nan ta tsakiyar damina haka ta zo wa Malam Rabe mai naɗin koyil na Ƙofar Kaura. Da ya saurari jikinsa, da bai buɗe shago ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi zai karya dokar da ya kafa wa kansa shekara talatin da suka wuce, kuma wanda karyawar za ta iya faɗa wa yana can nesa, bai san ana yi ba.

Sana'ar Malam Rabe gyaran injin nan ne da ake zurawa cikin ruwa ya zuƙo shi sama, wanda kowa ke ce wa sumo. In ya ƙone a kawo masa, ya farke shi, ya kwashe tsohuwar waya, ya naɗa sabuwa, ya rufe. Yawancin aikinsa ƙanana ne na rijiyar burtsatse. Amma shekara biyu ke nan Alhaji Dabo na kawo masa manya, masu nauyin ɗan maraƙi, daga ramin ma'adinai da yake da shi a Kwarin Gamji, tafiyar awa uku da rabi kudu da birni. Ramin gaba arba'in ne a tsaye, sannan a ƙasa ya rabu lungu-lungu inda masu haƙa ke shiga a sunkuye. Da damina ruwa kan tsattsafo ta kowace kusurwa. Sumo ne ke riƙe da ran mutanen da ke ciki. In ya tsaya awa biyu, ruwa ya kai bakin lungu.

Dokar Malam Rabe ɗaya ce, kuma duk Ƙofar Kaura an san ta: sumon da ya naɗa ba ya barin shagonsa sai ya kwana a duro. Akwai wani ƙaton duro cike da ruwa a bayan shagon. Nan yakan nutsar da injin, ya kunna, ya bar shi ya kwana, da safe ya sa mita ya auna ko ruwa ya sami hanyar shiga. Mutane sun sha yin fushi da shi a kan wannan. Sukan yi fushin su dawo.

Wajen ƙarfe tara da rabi sai ga motar Alhaji Dabo, a bayanta a-kori-kura da direbansa Zakari ke ja. Bencin ƙofar shago a cike yake, don an yi ruwa da asuba kuma ba wanda ya fara aiki sosai. A cikin masu zaman har da Mudassir tela, taubashin Malam Rabe, wanda tun suna yara bakinsa bai taɓa barin Rabe ya huta ba.

"Malam Rabe, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Alhaji. Ya iyali? Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara a gona, ni kuwa ya hana ni sakat. Kwana uku sumo ɗaya ke aiki a ramin nan, yana nishi kamar tsoho a tudu. Jiya ka ce ka rufe wannan."

"Na rufe shi bayan magariba, Alhaji. Amma ba wuta jiya. Bai kwana a duro ba."

"To, ya kwana a rami. Ruwa dai ruwa ne."

Aka yi dariya. Malam Rabe ya murmusa don ladabi, ya ce a ba shi zuwa gobe da safe. Alhaji ya ce guda nawa ya naɗa musu, wanne ne ya taɓa ba da matsala? Malam Rabe ya ce ai shi ya sa ba su ba da matsala ba. Ya sake cewa gobe. Muryarsa ta ɗan yi ƙarfi fiye da yadda ya so.

Sai Mudassir ya gyara hula, ya dubi jama'a.

"Alhaji, ka yi mishi uzuri. Ba sumo yake ji ba. Ɗan fari ne a cikin ramin." Ya tafa hannu a cinya. "Jama'a, ku shaida, yau Rabe na son ɗa a bainar mutane. Saura ya sami zane ya goya shi ya zaga da shi kasuwa."

Bencin ya fashe da dariya, har Alhaji. Malam Rabe ya kawar da kai.

A gidansu haka aka taso: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane, in ana zancensa ma sai ya kawar da kai. Shi kuwa nasa ɗan farin kunyarsa biyu ce, don sunan mahaifin Rabe ya ci, ake ce masa Babaji. Da aka yaye shi, ƙanen Rabe, Salihu, ya ɗauke shi ya raina. Da ya kai sha biyu ya dawo shagon nan koyon aiki, ya yi shekara goma kafaɗa da kafaɗa da ubansa, kuma a duk shekarun nan abin da ya taɓa ji daga bakinsa bai wuce "kai, miƙo sifana" ba. In akwai magana mai nauyi, Salihu ne ke kai ta ya kawo amsa. Salihun kuwa ya rasu bara. Yanzu Babaji na da shekara ashirin da shida, shi ne mai kula da sumo a ramin Alhaji Dabo.

"Ni ina ruwana da wani ɗa," in ji Malam Rabe, idonsa a ƙasa. "Ɗan Salihu ne. Zakari, ku ɗauka."

Mutum huɗu suka cicciɓa suka ɗora a bayan a-kori-kura. Zakari ya ɗaure da igiya, ya ce in Allah ya yarda kafin masu shiga na ƙarfe biyu su sauka an zura shi. Alhaji ya sa albarka, ya ce shi ma sauri yake, jirgi zai bi zuwa Abuja. Motocin suka sha kwana suka ɓace.

Daga nan zama ya gagari Malam Rabe. Ya ɗauko wani ƙaramin sumo na wata makaranta ya kwance noti biyu ya ajiye. Ya share tebur da ya riga ya share. Ya fita bayan shago ya tsaya yana kallon duron, ruwan a kwance, ganyen darbejiya biyu na yawo a kai. Ya gaya wa kansa hannunsa bai taɓa cin amanarsa ba. Ya bi aikin jiya a zuci ɗaya bayan ɗaya: naɗi ya yi kyau, ya gasa, ya auna, ya zuba mai, ya ɗaure murfi. Ya sake bi daga farko. Mudassir ya leƙo daga shagonsa ya ce ko fushi aka yi, Malam Rabe ya ce wane irin fushi. An kawo wuta wajen sha ɗaya, fankar shago ta fara juyawa, abin ya ƙara ɓata masa rai.

Sha ɗaya da rabi ya sa hannu a aljihun rigar aiki zai ɗauko goro. Yatsunsa suka taɓa wata 'yar leda. Ya fito da ita.

Zoben roba ne baƙi, sabo, faɗinsa bai fi bakin kofin shayi ba.

Nan take jiya ta dawo masa tsaf. Ya cire tsohon zoben da ya tsage ya jefar. Ya ɗauko sabon zai sa, aka kira salla, ya jefa shi aljihu don kada ya faɗi cikin ƙura. Da ya dawo duhu ya fara, ba wuta, ya ɗora murfi ya ɗaure noti takwas da kyau, ya rufe shago.

Wannan zoben shi ke toshe wuyan injin, inda wayar wuta ke shiga. In babu shi, sumo zai tashi lafiya, ya yi ta aiki awa ɗaya ko biyu ba wanda zai ga komai, ruwa kuwa na silalewa ciki kaɗan-kaɗan. Daga nan ɗayan biyu: ko ya ƙone ya tsaya alhali mutane na can ƙuryar lungu, ko wuta ta bi ruwan. Kuma Malam Rabe ya san wanda ke tsayawa cikin ruwan har ƙirji yana kwashe laka daga rariyar injin. Shi ya koya masa da hannu, ba da baki ba. Da sumon ya kwana a duro, da mita ta faɗa masa tun da asuba.

Ya kira Zakari. Ba ta shiga. Ya riga ya wuce inda sabis ke ƙarewa. Ya kira Alhaji, a kashe. Ya sake kiran Zakari. Ya ja ƙofar shago bai ko sa kwaɗo ba, ya hau mashin ya nufi GRA.

Titunan unguwar shiru, itatuwa na ɗigar da ruwan asuba. A ƙofar gidan Alhaji maigadi ya miƙe daga tabarma ya fara gaisuwa, Malam Rabe na amsawa ƙafarsa ɗaya a kan giya. Alhaji ya tafi tun ɗazu, yanzu yana sama. To, lambar wani a ramin fa, manaja ko shugaban masu haƙa? Maigadi ya ce can ai ba a kira, su ke kira in sun hau dutse. Ya ce ko Malam zai zauna ya sha ruwa, Alhaji kan kunna waya in ya sauka wajen la'asar.

"La'asar ta yi nisa," in ji Malam Rabe.

"Wani abu ya faru ne?"

"Bai faru ba tukuna."

Ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya a bakin titi, injin mashin na kaɗawa. Sha biyu da kwata. Ko da ya kama hanya yanzu da wannan tsohon mashin, ba zai isa ba sai an daɗe da sauka. Ya duba jerin sunayen da ke wayarsa daga sama har ƙasa, ya san abin da yake nema babu shi a ciki. Bai taɓa karɓar lambar ɗan nasa ba. Me zai ce in ya kira? Da Salihu na nan, da kira ɗaya ya isa. Ya kira 'yarsa Fadila da ke aure a Daura.

"Baba, lahiya? Na ji muryarka wani iri."

"Lahiya lau. Kina da lambar... yayanki?"

Bai taɓa tambayarta wannan ba.

"Ina da ita, Baba, amma wayar Yaya Babaji ba ta shiga sai ran Juma'a in ya hau dutse. Mi ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Ba wata hanya?"

"Ka tambayi Inna."

"Uwarki? Mi ta sani?"

"Ka dai tambaye ta, Baba. Kada ka ce ni na faɗa."

Daga GRA zuwa cikin gari bai taɓa yi masa tsawo kamar yau ba. Wata tirela ta maƙale tana juyawa ta tare hanya, 'yan kurkura da baburansu masu ƙafa uku sun cushe kowace kafa, kowa na danna oda. Ya ratsa ta gefen kwata, laka ta fantsama masa har gwiwa. A lungunan Gobarau ruwan asuba bai gama janyewa ba, dole ya sauka ya tura mashin a wani wuri. Mutane na gaishe shi yana ɗaga hannu kawai, abin da zai sa gobe a ce Rabe ya fara girman kai. Hannunsa na hagu na komawa aljihu yana taɓa zoben, kamar zai iya ɓacewa ya koma inda ya kamata ya kasance.

Ya tarar da matarsa Kubura a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta dubi lakar da ke wandonsa, ta dubi fuskarsa, ta ajiye farantin.

"Malam, da rana haka?"

Ya fito da zoben ya nuna mata a tafin hannu. Shekara ashirin da takwas tana wanke rigunan aikinsa tana tsintar irin waɗannan a aljihu, ta san ba a barinsu a waje. Ya faɗa mata a taƙaice: sumon Alhaji, duro, Mudassir, ƙarfe biyu. Bai ambaci wanda ke cikin ruwan ba. Ita ma ba ta ambata ba, don kunyarta ta fi tasa. Ita ko ɗaki ɗaya ba ta cika zama da ɗan ba in da mutane. Amma ya ga hannunta ya kama bakin mayafi ya murɗe.

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar wayarta mai madannai. Ba ta nemi suna ba, da ka ta danna lambar.

"Ta wa ce?"

"Baraka. Mai sayar musu da abinci a kan dutse. Nan kaɗai sabis ke kamawa."

"Kin san ta?"

"Duk Litinin nike kiranta." Ba ta dube shi ba. "In ce mata ya mutanen Katsina. Ta san wanda nike nufi."

Wayar ta yi ƙara biyu ta yanke. A cikin gida sabis ba ya tsayawa, katangun ƙasa sun yi kauri. Suka matsa zaure, ta sake yankewa. Malam Rabe ya karɓi wayar ya fita ƙofar gida, Kubura ta tsaya a bayan ƙyaure.

An idar da azahar a masallacin unguwa, mutane sun fito suna sa takalma, wasu sun tsaya hira a gindin dakali. Ga kuma Mudassir ya iso a kan mashin, ya ga shago a buɗe ba kowa ya biyo sawu. Malam Rabe ya juya musu baya ya sake kira. Biyu saura minti goma.

Aka ɗauka. Murya ce ta namiji, a bayanta ƙarar janareta da iska.

"Wa ke magana? Baraka ta sauka kai abinci bakin rami. Ni caji na zo yi."

"Bawan Allah, don Allah saƙo za ka kai. Akwai ɗan Katsina mai kula da sumo..."

"Ɗaga murya, ba na ji."

"Ɗan Katsina mai sumo."

"'Yan Katsina sun fi ashirin a nan, Malam. Masu sumo huɗu ne. Ni shekaranjiya na zo, ban san kowa ba. Wane ne?"

Daga bayan ƙyaure Kubura ta ce a hankali, "Ka ce Babaji." Ita kanta kalmar da ƙyar ta fito.

"Babaji ake ce mishi."

"Ba na jin an kira wani Babaji. Nan da sunan takarda ake aiki. Kafin a sauka sai an kira kowa da sunansa da na ubansa, ya amsa, a rubuta. Ga shi can ma na hango an taru, an fara. Faɗa mini sunan takarda in je in tsaya inda ake kira."

"Motar Katsina ta iso da sabon sumo?"

"Ta iso tun ɗazu. Na ga ana ɗaura mishi igiya. Malam, sunan."

Malam Rabe ya buɗe baki. Sunan na nan, kullum yana nan. Da shi yake kwana a addu'a, a zuci, inda ba mai ji. Amma harshensa bai san hanyarsa ba. Sunan mahaifinsa ne, wanda ko yana yaro bai taɓa furtawa ba, kuma sunan da aka raɗa a wannan zauren shekara ashirin da shida da suka wuce, ranar da shi ya gudu shago ya wuni don kada a gan shi a wurin. Ya ji hirar dakali ta lafa. Ya san ana kallonsa, har da Liman.

Ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Janareta."

Ya rufe ido. "Abdurrahim," ya ce, da muryar da ya saba kiran mutum daga tsallaken titi. "Abdurrahim Rabe. Ɗana ne. Ka ce mishi ubansa ne ke magana, Rabe na Ƙofar Kaura."

Lungun ya yi tsit. Wata akuya ce kaɗai ke jan igiya a gindin katanga.

"Abdurrahim Rabe. Na riƙe. Mi zan ce?"

"Ka ce sumon da Zakari ya kawo bai kwana a duro ba. Ka faɗa mishi haka, zai gane. Ka ce babu zobe a wuyan waya, zoben na hannuna, ni na manta. Kada a zura shi. In an zura, a kashe wuta daga sama kafin kowa ya taɓa ruwa, a fito da mutane. Kada ya shiga ruwan nan. Ka ji? Ko wa ya ce ya shiga, kada ya shiga."

"Bai kwana a duro ba, babu zobe, a kashe wuta. To. Bari in sauka da gudu, da ɗan nisa."

"Ka bar wayar a..."

Ya ji takun gudu, ƙarar tsakuwa, numfashi, sai ɗif. Mutumin ya sauka da wayar a hannunsa. Malam Rabe ya sake kira, ba ta shiga. Ya sake. Ya sake.

Da ya juyo, ba wanda ke dariya. Wasu sun sunkuyar da kai kamar su ne suka yi abin kunyar. Liman ya ce Allah ya tsare, ya sa a ji alheri, jama'a suka amsa. Mudassir ya sauko daga mashin ya matso, hularsa a hannu.

"Rabe, ni wasa nike. Ka san bakina."

"Na san shi. Ba bakinka ne ya manta zobe ba."

"Amma shi ya ɗora sumon a mota."

"Ni na ce a ɗauka." Ya miƙa hannu ya sa wa Mudassir hularsa a ka, ya danna ta har gira. "Tayoyin mashin ɗinka sun fi nawa kyau. Kai ni tasha. In aka yi la'asar ba direban da zai bi hanyar nan."

Ya koma zaure ɗaukar jakar sifanu da mita. Kubura na nan inda ya bar ta, ta jingina da bango. Ya miƙa mata wayarta, ta tura masa hannu.

"Tahi da ita. Lambar nan Baraka ta sani, ita za ta kira."

"Tun yaushe kike kiranta?"

"Tun satin da ya tahi."

"Ba ki taɓa faɗa mani ba."

"Kai ma ba ka taɓa tambaya ba. Sai dai duk Litinin ka dawo da wuri ka zauna kana kallon bakina."

Ya sa wayar a aljihu. Ta shiga ta fito da wata tsohuwar rigar ruwa ta cusa masa a jaka, ta ce hadari na haɗowa ta kudu. Ta bi shi har bakin ƙyaure.

"Malam, in ka same shi..." Ta tsaya. Ya jira. "Ka ce ana gaishe shi."

A tasha mota ɗaya ta rage mai zuwa ɓangaren, ana jiran mutum biyu. Malam Rabe ya shiga ya zauna, ya fito, ya zaga motar, ya tambayi direba ko ba za a tafi haka ba. Direba ya ce Malam ya yi haƙuri, yanzu za a cika. Mudassir ya dube shi, ya dubi kujerar da ta rage, ya kai mashin ɗinsa wurin mai faci ya ba shi ajiya, ya dawo ya cusa kansa kusa da taubashinsa.

"Matsa mani. Ba zan bar ka ka isa can kai kaɗai kana ƙwala sunan mutane a daji ba. Tunda ka koya, yanzu ba mai iya tsai da kai."

Malam Rabe ya matsa. Wata mata da buhun albasa ta cike ɗaya gurbin, aka rufe ƙofa.

Uku saura kwata suka fita daga gari. Gonakin gero na wucewa kore shar, sama ta yi baƙi a gabansu, iska ta fara kaɗa ledar da aka toshe tagar baya da ita. Wayar Kubura na hannunsa na dama, yana duba ta duk bayan ɗan lokaci, yana kallon sandunan sabis na raguwa daga huɗu zuwa uku, zuwa biyu. Hannun hagu na aljihu a kan zoben. Leɓɓansa na motsi. Mudassir ya ɗauka tasbihi yake, sai da ya kasa kunne ya ji sunan ne yake maimaitawa, kamar mai gwada sabon takalmi.

Ya san yadda zai sa zoben in ya isa, aikin minti goma ne. Ya san zai nemi duro ko kududdufi ya nutsar da injin, ko Alhaji ya so ko ya ƙi, ya zauna a gefensa har gari ya waye. Abin da bai sani ba shi ne ko mutumin ya isa bakin ramin kafin a kira sunan, ko an riga an amsa an sauka. Bai san ko an kunna sumon ba, ko tun yaushe. Sandar sabis ta ƙarshe ta ɗauke a daidai wata gada, kuma har lokacin wayar ba ta yi ƙara ba.